Ya mai jiki? To, mai jinya fa?

Tun da na zo Ingila mutanen gida ke tambayata aikin da nake yi, ni kuwa in ce musu aikin asibiti. Yau dai bari in fito fili. Ba asibiti ba ne. Gida-gida nake bi a Manchester, in yi wa tsofaffi wanka, in sauya musu kunzugu, in ɗumama musu abinci, in miƙa musu magani. Ina cikin ayarin da suka shigo bayan Birtaniya ta buɗe wa masu irin wannan aiki ƙofar biza a watan Fabrairun 2022. Duk wanda ya ga hotona cikin rigar sanyi a gaban dogon bene ya sa albarka, na gode, amma hannun da ya riƙe wayar nan fo ya gama wankewa kafin a ɗauki hoton.

Abin da ya zaunar da ni rubutu wata Talata ya faru, a gidan wata tsohuwa da nake zuwa safe da yamma. Ta haura tamanin, ɓarin jikinta na dama ya shanye, irin ciwon Innarmu sak. Ɗiyarta ce ke zaune da ita, mace mai kusan shekara sittin da ta ajiye aikinta saboda jinyar. Ranar sai ga wata ma'aikaciya daga ƙaramar hukuma da ƴar kwamfutarta a jaka. Na yi maza na gyara wa tsohuwar wuyan riga, na taje mata kai, don na ɗauka wajenta aka zo. Matar ta gaishe ta, ta ɗan yi mata raha, sannan ta juya ta ce da ɗiyar su je kicin. Ashe wajen mai jinyar ta zo.

Ina tsaye bakin famfo ina wanke kofuna. Na yi niyyar ba su wuri, ɗiyar ta ce in yi aikina, ba komai. Haka na ji tambayoyin da kunnena. Sau nawa kike tashi cikin dare? Yaushe rabonki da barcin awa biyar a jere? Bayanki yana ciwo? Yaushe rabon ki fita don kanki, ba sayen magani ba, ba cefane ba? In yau kika kwanta rashin lafiya, wa zai karɓe ki? Tana tambaya tana rubutawa, babu gaggawa. Can sai ta yi wadda ta kusa sa kofi ya suɓuce min: "Kina son ci gaba da wannan jinyar? Kuma kina jin za ki iya?"

A raina na ce, la'ilaha illallahu, uwarta ce fa! A Tudun Wada in ka yi wa mutum wannan tambaya ai zaginsa ka yi. Na zuba ido in ga ɗiyar ta tashi ta nuna mata ƙofa. Ba ta tashi ba. Hannu ta sa ta rufe fuska, kafaɗunta suka soma rawa. Da ta samu bakin magana ta ce tana so, ba za ta kai uwarta ko'ina ba, amma akwai daren da takan fita ta shiga mota ta kulle kanta na minti goma, don kawai ta zauna inda ba mai kiran sunanta.

Ba zan ɓoye muku ba, farkon abin da na ji raini ne. Na ce Turawa ke nan, ɗan wannan ma sai an yi masa kuka, ga gado mai inji, ga mu muna zuwa sau biyu a rana. Da wannan tunanin na fito na tari bas. Ban kai tasha ta uku ba Auta ta faɗo min a rai, kuma tun daga nan ban sake samun sukuni ba.

Mu bakwai Inna ta haifa. Shekara shida ke nan da ta yanke jiki ta faɗi a banɗaki, hawan jini. Yaya Babba na Abuja, maza biyu na nan cikin Kaduna da iyalansu, mata biyu na ɗakunansu, ɗaya a Rigasa ɗaya a Zariya, sai ni, sai Auta. Ba a yi taro an zaɓe ta ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Ita ce dai ba ta da miji, ita ce a gida, shi ke nan magana ta ƙare. Lokacin tana da ashirin da huɗu, ta gama karatun koyarwa tana jiran aiki. Yanzu ta cika talatin. Manema biyu na sani da suka yi ta sintiri har suka gaji, don duk wanda ya zo zance sai an katse shi sau uku, Inna na kira.

Ni kuma me nake yi? Ina turo kuɗi, ina bugo waya. "Ya jikin Inna? Ta ci abinci? Kin juya ta? Kin ga alat?" Har da koyarwa nake yi mata, abin da aka koya min a kwas, wai ta riƙa juya ta duk bayan awa biyu kada gyambon kwanciya ya kama ta. Ni da ake biyana kowace awa, nake da ranar hutu, nake da abokiyar aiki, ni ce ke ba da umarni ga wadda ba ta da ko ɗaya. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hango na ɗiyar Baturiya.

Da dare na kira ta. Na ce, "Auta, ya kike?"

Ta ce, "Da sauƙi Yaya, yau ma ta sha kunu sosai."

Na ce, "Ba Inna nake tambaya ba. Ke."

Shiru ya yi tsawo har na duba ko layin ya yanke. Sannan ta ce, a hankali, "Yaya, lafiya? Wani abu aka ce na yi?"

Wannan amsar ta fi komai yi min ciwo. Shekara shida, kuma ranar farko da wani a cikinmu ya tambayi lafiyarta, ta ɗauka ƙararta aka kai. Sai da na yi ta lallashi kafin ta buɗe baki. Bayanta ya kai wata takwas yana ciwo, man zafi take shafawa ta ɗaure da ɗankwali. Ba ta tuna ranar da ta yi barci daga Isha zuwa Asuba ba. Bikin babbar ƙawarta a Unguwar Sanusi, nan da nan, ba ta je ba. Abin da ya sa ta kuka kuwa, wani dare Inna ta ɓata shimfiɗa karo na uku, ta daka mata tsawa, sannan ta koma kan sallaya tana kuka har gari ya waye, tana ganin ta gama halaka. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Wa za ta faɗa wa? Duk wanda ta soma yi wa maganar zai tare ta da "ki yi haƙuri, aljannarki ce", kuma gaskiya ne, amma da wannan gaskiyar muke toshe mata baki.

Ku duba gaisuwarmu ma. "Ya mai jiki?" A ce da sauƙi. "Allah ya ƙara sauƙi." A ce amin. In an yi wa mai jinya kara a ce mata sannu da ɗawainiya, Allah ya ba da lada, a gyara mayafi a fita. Ƴan dubiya kuwa, Allah ya saka musu, amma bari in faɗa: ku cika ɗaki ku goma da ledar lemo da ayaba, ita ce mai kawo ruwa, ita ce mai shimfiɗa tabarma, in azahar ta yi ita ce mai ɗora tukunya. Kowa da maganin da ya ji an ce, wannan ta ce a gwada hijama, waccan ta ce akwai wani mai magani a hanyar Birnin Gwari. Ba wadda za ta ce, "Je ki kwanta, ni zan zauna da ita zuwa la'asar." Kun tafi kun bar mata wanke-wanke, kun samu ladan dubiya.

Daga baya na bincika abin da na gani a kicin ɗin nan. Ashe ba kirkin ma'aikaciyar ba ne kawai, doka ce. Akwai dokar kula da manya ta 2014 da ta soma aiki a Ingila a watan Afrilun 2015, wadda ta ɗora wa kowace ƙaramar hukuma nauyin auna halin da mai jinya ke ciki, shi kansa, ba tare da duba yawan kuɗinsa ba. Har tambayar nan da ta girgiza ni, ko yana so kuma yana iyawa, tana cikin abin da dokar ta ce a duba. A ƙidayar 2021 an tambayi mutane ko suna jinyar wani ba tare da biya ba, aka samu kimanin miliyan 5 a Ingila da Wales. Sun ƙirga su. Mu ko a cikin gida ɗaya ba mu ƙirga tamu ba. Sakamakon zaman ranar, an samo wa ɗiyar mai zuwa ta zauna da tsohuwar na wasu awoyi duk mako, aka kuma haɗa ta da wata ƙungiyar masu jinya da ke taruwa shan shayi. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma ranar farko da ta fita ta dawo, har da jan baki.

Maganar bayan Auta ta tuna min wulaƙancin da na sha a watana na farko. Wata tsohuwa ta zame daga kujera, ni kuwa da zafin nama irin na gida na sa hannu a hammatarta na ɗago ta cak, ina jiran a yaba min. Abokiyar aikina ta kai rahoto. Washegari aka kira ni ofis, yarinyar da na isa in haife ta ta zaunar da ni tana tambayata ko na san zan iya gurɗe wa matar kafaɗa, in kuma karya nawa bayan. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka mai da ni kwas na yini guda. Na fito ina huci, ina cewa a garinmu haka muke ɗaga iyayenmu ba wanda ya mutu. Yau na gane ba wanda ya mutu, amma ga Auta da ɗankwali a ƙugu.

A nan ba a ɗaukar mutum da ƙarfin tuwo. Akwai inji mai ƙugiya da wani abu kamar majanyi, a zura wa mutum, a danna maɓalli ya tashi sama a hankali a sauke shi kan kujera, kuma a wurin aikinmu sai mun zama mu biyu. Akwai wani zani mai santsi da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin majinyaci, da shi yarinya ƙarama za ta juya ƙaton namiji. Gadon yana ɗagawa yana sauka. Katifar iska ce, injinta na hura wannan sashe yana sace wancan dare da rana don kada fata ta mutu. Ga kujera mai fo a ƙasa, ga ƙarafan dafawa a bangon banɗaki, ga abin wuya mai maɓalli da tsoho zai danna in ya faɗi, a amsa masa ko ƙarfe uku na dare ne. Magani ma kantin magani kan jera shi cikin faranti mai gurabe, na safe, na rana, na yamma, na dare, har na mako guda. Yawancin kayan nan aro ake ba mutum in an auna an ga yana bukata, ƙananan gyare-gyaren gida da ba su wuce fam 1,000 ba kuma kyauta ne. In an gama da kaya a zo a kwashe, a wanke, a kai wa wani.

Na san me za ku ce: ina wutar da za ta riƙe katifar iska a Tudun Wada? Gaskiyarku. Amma ƙarfen dafawa ba ya cin wuta. Kujera mai fo ba ta cin wuta. Hoto na ɗauka na tura wa ƙanena, ya kai Panteka, cikin kwana uku wani mai walda ya haɗa kujerar da ƙarafa biyu na bango, har ya ƙara mata abin ɗora ƙafa da babu a hoton. Mutanen da ke ƙera injin niƙa daga tarkacen ƙarfe, wannan ai wasa ne a wajensu. Shekara shida Auta na ciccibar Inna zuwa banɗaki, maganin abin yana nan bayan gidanmu, ba wanda ya yi tunaninsa, don ba bayan kowa ke ciwo ba sai nata.

Akwai kuma ɗan alawus da gwamnati ke ba mai jinya. A 2025 fam 83.30 ne a mako, ga wanda ke jinya aƙalla awa 35. Kafin ku ɗauko waya ku buga da naira, ku raba shi da awoyin: bai kai fam biyu da rabi a awa ba, alhali mafi ƙarancin albashi a shekarar fam 12.21 ne. Wato ni baƙuwa ana biyana ninki biyar na abin da ake ba ɗiyar da ta kwana a kan uwarta. Su kansu suna ƙorafi, kuma suna da gaskiya. Ga tarko a ciki: in mai jinya na ɗan taɓa aiki ya wuce iyakar abin da aka yarda ya samu a mako, ko da fam ɗaya ne, alawus ɗin makon gaba ɗaya ya tafi, kuma an bi dubban mutane bashin abin da aka riga aka ba su, har abin ya zama abin faɗa a jaridu.

Abin da ya burge ni shi ne yadda aka faro. Wata malamar coci ce, Mary Webster, ta ajiye aikinta a 1954 don jinyar iyayenta. A 1963 ta rubuta wa jaridu halin da matan da ba su da aure ke ciki, waɗanda jinyar iyaye ta tsare a gida, sai wasiƙu suka yi ta zuwa daga mata irinta. A 1965 suka kafa ƙungiya, wadda bayan haɗe-haɗe da sauye-sauyen suna ta zama Carers UK ta yau. Alawus ɗin bai zo ba sai 1976, kuma ko da ya zo an hana matan aure, wai ai dama aikinsu ne. Sai da wata mai suna Jackie Drake ta kai ƙara har kotun Turai ta yi nasara a 1986. Da na karanta wannan na yi dariyar takaici. Ashe su ma "ai ba ta da aure" da "ai aikinta ne" suka yi ta faɗa, kamar a tsakar gidanmu. Ba daga sama abin ya faɗo musu ba, wata Auta ce ta gaji ta ɗauki alƙalami.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba ku labari. Wallahi akwai ranar da nake fita daga gidan tsoho in tsaya a bakin titi in share hawaye. Ziyarar rabin awa ake sayar musu. In na shiga sai na danna manhaja a waya, in zan fita in danna, kuma cikin minti talatin ɗin nan ake so in tashe shi, in wanke shi, in sa masa kaya, in ba shi karin kumallo da magani, in rubuta rahoto. Makullin gidan yana cikin wani ɗan akwatin ƙarfe a bango mai lambobin sirri, don babu kowa a ciki da zai buɗe min. Akwai wani dattijo, tsohon direban bas, da kullum sai ya ce in tsaya in sha shayi. Kullum sai in ce gobe. Daga fitata har zuwan ta yamma, muryar da zai ji ta talabijin ce. Ɗansa na zuwa lokacin Kirsimeti da kati. Abincinsa daga firiji zuwa na'urar ɗumama abinci, cikin roba, dankali da wani nama da ba ya ƙamshin komai. Ina ajiye masa ina tuna ɗumamen tuwo da miyar kuka da man shanu da ake kai wa Kaka da hantsi, jikoki sun kewaye kwanon tana korarsu tana ƙara tura musu.

Takardu kuwa kada a yi magana. Fom ɗin neman tallafi shafi ne bayan shafi, tsohon da idonsa bai gani sosai sai ya nemi masu taimako irin su Age UK su cika masa. Jiran a zo a auna mutum kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Kuma jinya ba kamar asibitin NHS ba ce da ake shiga kyauta: wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 a Ingila shi zai biya wa kansa, in kuma gidan tsofaffi ya koma, ana iya lissafawa har da gidansa. Na ga waɗanda suka sayar da gidan da suka yi shekara arba'in suna biya. Kaɗaici ya yi musu yawa har a watan Janairun 2018 gwamnatin Theresa May ta ɗora wa wata minista alhakin yaƙi da shi. Minista sukutum, saboda rashin mai cewa sannu.

A nan kam mun fi su, kuma ba kusa ba. Dattijon Kaduna ko ba shi da sisi yana da dakali. Yana da sahun gaba a masallaci, in aka yi sallah biyu ba a gan shi ba za a aika yaro. Yana da jika mai ce masa mijina, kaka tana da kishiya ƴar shekara huɗu. Mai kayan miya ya san shi, mai shayi ya san yawan sukarinsa. Ranar da hazon Manchester ya rufe gari tun ƙarfe huɗu, ba abin da nake kewa kamar hayaniyar layinmu bayan la'asar. Sai dai wannan gata na tsohon da ke tafiya da ƙafarsa ne. Ranar da ya kwanta, dakali ba ya shigowa ɗaki. Jama'ar nan duk sai ta tsaya a bakin ƙofa, a bar mace ɗaya a ciki. Muna bugun ƙirji mu ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi. Haka ne. Gidan tsofaffinmu mutum ne, kuma yawanci sunanta Auta, ko matar ɗa, ko bazawarar da ta dawo gida, ko wata tsohuwar da ita ma jinyar take bukata.

Maza, ku ma ku zo nan. A wurin aikina akwai maza da yawa, har da ƴan Najeriya, har da ƴan Arewa, suna yi wa tsofaffin Turawa aski da wanka, suna gyara musu shimfiɗa, ba abin da ya ragu a jikinsu. To me ya sa a gida ɗa zai tsaya daga bakin ƙofa, hannu a aljihu, ya ce "Allah ya ƙara sauƙi, Baba", ya ajiye dubu biyar ya juya? In don fam za a iya, don Allah fa?

Sai gigin tsufa, wanda a nan suka ɗauke shi ciwo kamar kowane ciwo, da asibitinsa da nas-nas ɗinsa da wuraren da masu shi da masu jinyarsu ke haɗuwa. An koya mana kada mu yi musu da mai shi. In ta ce za ta je ɗauko yara daga makaranta, yaran da yanzu suna da jikoki, ba a cewa ƙarya ne, sai a ce ba ni labarinsu. A gida kuwa sai a ce ta rikice, yara su yi ta tsokana, a kulle ta a ɗaki, wani lokaci har a soma raɗe-raɗin aljanu ko abin da ya fi haka muni. Ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya nan a Barnawa da likitocin da suka san abin, amma kunyar a ce an kai Hajiya can ta fi mana ciwon nata nauyi.

Ba wai babu komai a takarda ba. A watan nan dai na Janairun 2018 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, ta soma aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Asibitin koyarwa na Ibadan yana da cibiyar lafiyar tsofaffi tun 2012. Jiharmu na da hukumar inshorar lafiya, KADCHMA. Amma ni na daina jiran ranar da wata za ta zo da kwamfuta ta zauna a kicin ɗinmu. Abin da ke ba ni haushi ya fi kusa da haka. A unguwar da nake zaune, coci da masallaci da zauren unguwa suna da ranar da tsofaffi ke zuwa cin abincin rana, ƴan sa-kai ne ke dafawa, wasu su ɗauko su a mota, masu jinya su samu awa uku su numfasa. Mu da muke da ƴan agaji a kowane masallaci, da Islamiyyar matan aure a kowane layi, da adashi, da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da kwamitin biki mai fitar da anko cikin kwana biyu, a ce ba za mu iya jera sunayen gidajen da ake jinya a layi ɗaya ba? Mata huɗu daga ajin hadda su ɗauki gida ɗaya, kowace yini guda a wata. Masallaci ya sayi keken guragu biyu da kujera mai fo uku ya riƙa ba da aro. Malam ya yi wa'azin haƙƙin iyaye, ya ƙara da haƙƙin wadda ke riƙe da su a madadin sauran. Wannan ba ya bukatar sa hannun shugaban ƙasa.

Na fara da gidanmu, kuma ban ji da daɗi ba. Na rubuta a zauren WhatsApp na ƴan gidanmu cewa daga yanzu Auta na da hutun yini guda duk mako, kuma cikin kuɗin da muke haɗawa za a ware mata nata, ba na magani ba, ba na cefane ba, nata. Yaya Babba ya kira ni a fusace. "Yanzu biyanta za mu yi don ta yi jinyar uwarta? Wannan tarbiyyar Turawan ce kika kwaso?" Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba raini ba ne. In ladan ne, ai bai kamata mu bar mata shi ita kaɗai ba. Ka zo ka kwana biyu ka ɗiba." Ya kashe wayar. Bayan kwana uku ya turo kasonsa, da ƙari, bai ce komai ba.

Aka tsayar da Alhamis. Ta Rigasa ta ɗauki makon farko, matan ƙannena biyu na biye, ta Zariya ta ce za ta riƙa zuwa ƙarshen wata ta kwana. Na ce wa Auta ta shirya ta fita, ta je Kasuwar Barci ta sayi atamfa, ta je gidan ƙawarta, ta yi duk abin da ranta ke so. Da yamma na kira in ji inda ta je. Ba ta ɗauka ba. Na kira ta Rigasa, ta ce ai tun ƙarfe goma ta shiga ɗakin maƙwabciyarmu ta kwanta, sau ɗaya aka tashe ta ta yi azahar da ƙyar ta koma, har yanzu ba ta farka ba. Ta ƙara da cewa, cikin muryar da ban san ta da ita ba, "Yaya, ashe Inna nauyi gare ta haka?"

Alhamis ta uku matar ƙanena ta aiko cewa tana da suna a Kawo, ba za ta samu zuwa ba. Auta ba ta faɗa min ba, a bakin ta Rigasa na ji. Na duba jadawalin aikina, ina da minti goma sha biyu tsakanin gidan tsohon direba da gida na gaba. A tashar bas na tsaya, cikin yayyafi, na soma neman lambar ƙanena.